Haruffa Biyu a Bakin Binuwai

Ni mai rubuta allon shago ne a Garwa,
dala ashirin nake karɓa kan kowane harafi,
ja ko shuɗi, ba ragi, ba bashi.

Ran wata Talata Tanimu mai gyara ya iso
da murfin tsohuwar firji a ka,
ya ce in rubuta masa abin da yake gyarawa.
Na ƙirga sunan akwatin da Faransanci,
harafi goma cif, jaka guda ke nan.
Ya laluba aljihu, ya ce, ashe suna ma kaya ne!
Sare shi, in ji shi, kamar rake,
ka bar mini gaɓar da ta fi zaƙi.

To, wace gaɓa?
Matan unguwarmu tele suke cewa,
"Yara, ku kashe tele, an kira sallah."
Harafi huɗu, dala tamanin.
Direbobin da ke sauko mana daga Mubi
tibi suke kira, suna ta dariyar telenmu.
Mai karanta labarai kuwa, da babbar rigar murya,
talabijin yake ja, kamar mai jan guga a rijiya mai gaba goma.

Na ce akwai mai araha: T da V.
Ɗaya turke ne da aka gitta wa sanda,
ɗaya kuma ƙahon sa, ko tsuntsu can sama da kogi.
Sai dai na biyun baƙo ne a bakinmu,
bai taɓa kwana a kan leɓen Bahaushe ba,
mu muka ara masa rigar B,
ya saka, ta zauna masa, ya zama ɗan gari.

Metir Hamajam na gefe, gun mai shayi,
shekara talatin yana cin ƙurar alli kafin ya huta.
Ya aje kofi, ya ce kalmar ruwa biyu ce:
rabin gaba daga Girkanci, ma'anarsa nesa,
rabin baya daga Latin, ma'anarsa gani.
Masu Ingilishi suka gaji da tsawonta,
suka tsinko kan wannan, suka tsinko kan wancan,
suka bar gangar jiki a ƙamus.
Ragwanci ne, in ji shi, amma ragwanci mai dabara,
ya zaga duniya ba fasfo.

Na yi dariya. Mai shayi ya yi dariya.
Tanimu bai yi ba.
Nesa da gani, ya ce, a hankali,
kamar mai taɓa haƙorin da ke ciwo da harshe.

Kowa a layin ya san zancen Haladu,
damina shida da ya hau babbar mota zuwa Kusiri,
ya haye gada, ya yi arewa, ya yi shiru.
Mun kuma san in uban ya gama gyaran akwati
yakan bar shi a kunne fiye da ƙima,
wai gwaji yake.
Ba ya kallon ƙwallo, 'yan kallo yake kallo,
da masu sauka daga jirgin ruwa cikin bargo,
da duk wanda ya gifta bayan mai magana.
An ce gani ya kori ji.
Shi bai samu ji ba, balle abin da zai kore shi.

Na tsoma burushi a jan fenti.
Na kafa turken ya miƙe,
na buɗe ƙahon ya kalli sama,
na bar fili tsakaninsu, faɗin tafin hannu biyu.

Ya ce, wannan wurin fa, me za a sa?
Na ce, ba komai, haka ake barin sa.
Ya daɗe yana duban farin wurin.
Sannan ya ƙirgo dala arba'in ya ba ni,
ya aza murfin a ka, fentin bai ko bushe ba,
ya nufi gangaren kogi,
haruffan na kallon rana.

Filin nan ban sa masa kuɗi ba.